Wane Ne Cikin Farar Rigar?

Duk wanda aka taɓa kwantarwa a babban asibitin gwamnati a Kano ko Katsina ko Gusau ya san cewa kafin ya kwana biyu, mutane da yawa za su tsaya a kansa, akasarinsu cikin farin kaya. Akwai nas mai rajista wadda ta yi shekara uku a makarantar koyon jinya ko biyar a jami'a. Akwai ɗalibar da ba ta daɗe da fara shiga ɗakin majinyata ba. Akwai ma'aikacin lafiya na matakin farko, da wanda ya zo daga ɗakin gwaji ɗibar jini, da mai ba da magani, da likita. Majinyaci da mai jinyarsa ba su da hanyar rarrabewa, don haka sun sauƙaƙa wa kansu: in mace ce nas ce, in namiji ne likita ne. Shi ya sa likita mace za ta gama duba mara lafiya, ta rubuta masa magani, tana juyawa mai jinya ya tare ta ya ce, "Malama, har yanzu fa likita bai zo ya gan shi ba."

A tsakanin ma'aikatan jinya kansu, in aka ɗauko zancen yunifom, gardamar takan tsaya ne a kan fari ko mai launi, gawun (rigar mata irin ta Turawa) ko riga da wando, hula ko hijabi. Kowanne da tarihinsa da hujjarsa. Amma a ganina akwai tambayar da ta riga su duka, wadda ba a cika yi ba saboda mai ita ba ya halartar taron ƙungiya: wanda ke kwance a gado, zai iya duban tufafin mai riƙe da allura ya san ko wane ne, da abin da doka ta yarda ya yi masa? Daga nan ƙimar sana'ar take farawa a idon jama'a, domin mutane ba sa yaba wa wanda ba su gane ba, in kuwa an cuce su, duk mai irin rigar suke haɗawa su zaga.

Neman mutunci ne ya haifi kayan nas, tun kafin a san da zancen ƙwayoyin cuta. A 1836 wani limamin coci Bajamushe mai suna Theodor Fliedner ya buɗe gidan horar da mata masu jinya a Kaiserswerth, kusa da birnin Dusseldorf. A Turai ta wancan zamani, budurwar da ke yawo ita kaɗai tana shiga gidajen mutane da ɗakunan maza marasa lafiya ba a yi mata kyakkyawan zato. Sai ya zaɓa musu irin shigar matan aure masu rufin asiri na yankin, doguwar riga mai duhu da farar hular da ke rufe gashi, yadda duk wanda ya gamu da su a hanya zai kama kansa. Florence Nightingale, 'yar Ingilar da ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta yi 'yan watanni tana koyon aiki a wannan gida a 1851. Da ta tafi yaƙin Kirimiya a 1854 tare da mata 38, suka sauka a barikin Scutari da ke ɓangaren Asiya na Istanbul, ma'aikatan da ta ɗauka sun sa riga ruwan toka mara ado, da ƙyallen da aka rataya daga kafaɗa ɗauke da sunan asibitin. Rigar ba ta yi kyau ba, amma a barikin da ke cike da dubban sojoji ta yi aikinta: wanda ya ga ƙyallen ya san wannan aiki ya kawo ta.

Makarantar da Nightingale ta kafa a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ita ce ta zama uwa ga tsarin da Ingila ta kai ƙasashen da ta mallaka. Musulmi suna da nasu tarihin, na Rufaida al-Aslamiyya da tantinta a masallacin Madina, inda aka kai Sa'ad bin Mu'azu da ya samu rauni a yaƙin Khandak. Amma makaranta da jarrabawa da rajista da muƙamin metiron (shugabar ma'aikatan jinya a asibiti) da hula da ɗamara, duk daga Ingila suka zo mana. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta zama metiron 'yar Najeriya ta farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, daga baya kuma shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa, a wannan makaranta ta St Thomas ta kammala a 1950.

Kafin shigar ta iso ƙasar Hausa ta riga ta bi yayin Turai ta gajarce. Gawun ya tsaya a gwiwa, hannu gajere, ɗamara ta ɗaure ƙugu, ga 'yar hula a tsakar ka da ba ta rufe komai. A idon Bature wannan kamala ce. A idon magidanci a Zariya ko Sakkwato kuwa, rigar da aka ƙirƙira don ta kare mutuncin mace ta zama dalilin hana 'yarsa aikin. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai aikin dare, akwai taɓa jikin mazan da ba muharramai ba, ga ƙarancin 'yan matan da suka gama sakandare da sakamakon da makarantar jinya ke nema. Sai dai riga ita ce abin da ido ke gani, ita maƙwabta za su yi zance a kai. Sakamakon haka ɗakunan asibitin Arewa suka cika da maza da kuma mata daga Kudu da tsakiyar Najeriya, waɗanda da yawansu sun yi wa yankin hidimar da ba a gode musu yadda ya kamata ba. A ƙauyuka kuwa mata suka riƙa zaɓar haihuwa a gida da a ce namiji ne zai karɓe su. Wannan giɓi ne ya sa a 2012 aka fara wani shiri da tallafin Birtaniya don shigar da 'yan matan karkara makarantun lafiya a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe.

Da aka fara barin mata su sa doguwar riga da wando da ɗan ƙaramin hijabi, lissafin gidaje da yawa ya canza. A 2002 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fitar da takardar da ta ba nas mace zaɓi tsakanin hula da hijabin da ya tsaya a kafaɗa. Yau a makarantun jinya na Arewa mata ne ke rububin shiga, kuma uban da da can zai ce a'a, shi ke neman wanda zai taimaka 'yarsa ta samu gurbi. Neman aikin yi na da hannu a ciki, ba shakka. Amma da shigar ba ta canza ba, da wuya a kai nan.

Takardar ba ta kashe rigimar ba. Lokaci zuwa lokaci ana jin ƙorafin ɗaliba ko ma'aikaciya Musulma a wasu asibitoci da makarantu, musamman a Kudu maso Yamma, cewa an ce ta cire hijabi ko ta bar ɗaki. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas bai shafi asibiti kai tsaye ba, ko da yake ya ƙarfafa masu wannan hujja. Akwai kuma ɗaya gefen, wanda mu a nan ba mu cika son tunawa da shi ba: a farkon shekarun 2000 an sallami wasu ma'aikatan jinya Kiristoci daga asibitin tarayya na Azare a jihar Bauchi saboda sun ƙi sabuwar shigar da ta haɗa da lulluɓi. Wanda ya tilasta cirewa da wanda ya tilasta sawa, kuskure ɗaya suka yi, kuma duk biyun majinyaci ne ya yi asarar ƙwararriyar ma'aikaciya. Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Singapore, mai ɗimbin Musulmi 'yan ƙabilar Malay, sai a Nuwamban 2021 ta bar ma'aikatan jinya na asibitocin gwamnati su rufe kansu a bakin aiki.

Inda hujjar masu kula da yaɗuwar cuta take da ƙarfi shi ne tsawon hijabi da hannun riga. Hijabin da ke lilo har ciki zai shafi ciwon wannan majinyaci in an sunkuya, sannan ya shafi gadon na gaba. Hannun riga da ya sauko har wuyan hannu yana hana wanke hannu yadda ya kamata, kuma shi kansa yana jiƙewa ya ɗauki datti. A 2007 Ingila ta kafa ƙa'idar cewa mai taɓa majinyaci ya bar hannunsa a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ba agogo, ba warwaro. Ma'aikata Musulmi suka yi ƙorafi, a 2010 aka yarda su riƙa sa wani hannun riga na wucin gadi da ake jefarwa bayan an gama da majinyaci. A 2019 wani asibiti a Derby ya fara raba hijabin tiyata wanda ake sawa sau ɗaya a yar, bisa shawarar wata matashiyar likita Musulma. Abin lura shi ne duk waɗannan matsaloli tela da mai sayen kaya ne suka warware su, ba alƙali ba. Ƙaramin hijabi da aka cusa cikin wuyan riga ya fi tsohuwar hular tsafta nesa ba kusa ba, don ita hular ba a wanke ta kullum, gashi ma ba ta rufe shi ba. Mai alwala sau biyar a rana kuwa ba sai an koya mata naɗe hannun riga ba.

Sai batun fari. A 2008 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitin Cleveland Clinic na Amurka. An nuna wa majinyata da masu ziyara hotunan nas cikin kaya iri-iri, farare da masu launi ɗaya da masu zane, aka ce su auna ta a kan halaye irin su ƙwarewa da kulawa da riƙon amana. Manya sun fi ba farin kaya maki, kuma gwargwadon shekarun mutum, gwargwadon yadda farin ke burge shi. Yara lamarinsu daban ne. A asibitin yara na Meyer da ke Florence a Italiya, da aka sauya wa ma'aikata farin kaya da masu launuka, binciken da ya fito a 2009 ya nuna yaran sun fi sakin jiki da su, iyayensu ma haka. Duk uwar da ta taɓa kai yaro rigakafi ta san dalili, tun daga bakin ƙofa da ya hango farar riga yake tsala ihu. Mu ma da namu laifin, da muke cewa yaro ya yi shiru ko a kira nas ta yi masa allura.

Kada dai a ɗora wa irin wannan bincike kayan da ya fi ƙarfinsa. Hoto ba ya tsawa, ba ya gaisuwa, ba ya neman jijiya sau huɗu bai samu ba. Dattijon Ba'amurke da ya tashi yana ganin nas cikin fari, abin da ya saba da shi ya zaɓa. Sabo aka auna, kuma sabo yana canzawa in an ba shi shekaru.

A wajenmu kuwa fari yana da nauyin da ya wuce sabon asibiti. Shi ne kayan Juma'a da Idi, shi ne harami, shi ne likkafani. Hadisi ya zo da cewa a sa fararen tufafi domin suna daga mafi alherin tufafi, a kuma suturta mamata da su. Fari ba ya rufa wa datti asiri, don haka mai sanye da shi fes tamkar shaida yake bayarwa a kan tsaftarsa. Tsadarsa ke nan kuma. Nas ɗin da ta iso aiki da sassafe cikin farin kaya ƙal, sau da yawa da ruwan 'yan garuwa ta wanke shi, ta sa bilic da bula, ta goge da dutsen guga na gawayi don ba wuta, tana kaffa-kaffa kar toka ta zuba. Sannan ta shiga Adaidaita Sahu cikin ƙurar hunturu ko taɓon damina. A wurin aiki jini da aidin da amai na jiran ta. Kaya biyu ba sa riƙe mai aikin kwana biyar a mako, bilic kuma yana cin yadi.

Lokacin da ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, alawus ɗin yunifom na cikin buƙatunsu, kuma shugabanninsu sun ce a lokacin naira dubu 20 ake ba su a shekara, an daɗe ba a ƙara ba. Mai kallo daga nesa zai iya raina a ce batun riga ya shiga dalilan ajiye aiki. To amma ya je kasuwar Kantin Kwari ya tambayi kuɗin farin yadi mai kauri, ya haɗa da ɗinki da takalmi da hijabi, ya ga inda dubu 20 za ta tsaya. Idan mai ziyara ya ga nas cikin rigar da ta dafe ta koma ruwan ƙasa, hukuncin da zai yanke a ransa a kanta ne, ba a kan ma'aikatar da ta bar ta da wanki ba.

Wankin gida kuma yana da wata illa da ta fi dafewa. A 2011 wani bincike a wani asibiti a birnin Ƙudus ya gano cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na kayan likitoci da ma'aikatan jinya da aka gwada na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu iya yin lahani, har da waɗanda suka bijire wa magunguna. Binciken bai tabbatar da cewa daga rigar cutar ke tsallakawa zuwa jikin majinyaci ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi tunanin rigar da ta kwana a ɗakin masu amai da gudawa, ta biya kasuwa sayen cefane, ta isa gida yaro ya rugo ya rungume ta. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kashe ma'aikatan lafiya kusan duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya dace sananne ne: a zo da kayan gida, a canza a asibiti, asibiti ya wanke da ruwan zafi. Nawa ne daga cikin asibitocinmu suke da ɗakin canza kaya mai makulli, balle injin wanki da ke aiki?

Waɗannan wahalhalu ne suka buɗe wa sikirob ƙofa, wato riga da wando masu sauƙi na ɗakin tiyata. Da can da fari ake aiki a tiyata, sai aka lura hasken fitila a kan farin ƙyalle yana gajiyar da ido, aka koma kore da shuɗi. Daga wajen shekarun 1980 kayan suka fito daga tiyata suka mamaye ɗakunan asibitin Amurka, hula ta ɓace, annobar korona a 2020 kuma ta ƙara musu gudu a ko'ina, har nan. Amfaninsu a fili yake. Ana sunkuyawa da su, ana hawa gefen gado a danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, ba sa nuna tabo, namiji da mace duk ɗaya. In an tsawaita rigar ta rufe cinya aka ɗora ƙaramin hijabi, sun fi gawun dacewa da Bahaushiya.

Matasa da dattawan sana'ar ba su haɗu a kansu ba. Metiron da ta yi shekara talatin tana aiki tana tuna ranar da aka ɗora mata hula bayan ta haye jarrabawar watannin farko, aka kunna kyandir, aka karanta alkawarin nan da aka tsara a Detroit a 1893 aka laƙaba masa sunan Nightingale. A wajenta hula da ɗamara gumi ne, sikirob kuwa kayan barci. Yarinyar da ta fito jami'a da digiri tana ganin gawun da hula da ƙyallen gaba sun yi kama da shigar 'yar aikin gidan Turawan da, kuma ba ta yi ƙarya ba, kamannin na nan. Ita so take a gan ta a matsayin mai ilimin da ke auna majinyaci ta yanke shawara, ba mai jiran umarnin likita kawai ba. Na fi karkata ga yarinyar. Amma akwai abin da metiron take gani wanda ita ba ta gani: a zamanin hula, ko makaho ya shafa ya san wace ce nas.

Sikirob kowa na sa shi. Likita, nas, mai gwajin jini, mai ɗaukar hoto, mai shara, a wasu wuraren har mai karɓar kuɗi. Ana sayar da shi a kasuwa da intanet, kowane tela na iya ɗinka shi, kowa kuma da launin da ya yi masa. Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan ruɗani sun gane cewa yana da haɗari. Bayan abin kunyar da ya faru a asibitin Stafford na Ingila, inda aka yi sakaci da majinyata har wasu suka mutu, rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 ya ba da shawarar a tabbatar majinyaci na iya bambanta nas mai rajista da mataimaki ta hanyar kaya da alamar suna. Yankin Wales ya riga ya yi haka tun 2010, launi ɗaya ga kowane rukuni a duk asibitocinsa, Scotland ma ta bi irin wannan hanya. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta, irin su Nijar, an saba ganin ungozoma cikin ruwan hoda. A fadar Kano, baƙon da bai taɓa zuwa ba yana hango mai riga ja da kore ya san dogari ne. Launin ba shi da wani sirri. An dai daɗe ba a canza shi ba, kuma ba kowa ke sa shi ba.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne ciwon da ya fi damun sana'ar jinya a Najeriya, kuma ya girmi sikirob. A ƙananan asibitocin kuɗi da yawa, mai asibiti kan ɗauki yarinyar da ta gama sakandare, ya koya mata allura da ɗaura ƙarin ruwa cikin 'yan watanni, ya ɗinka mata farin kaya, ya biya ta abin da bai kai rabin albashin mai rajista ba. Su ake kira ogzilari. Hukumar jinya, wadda dokar 1979 ta kafa bayan haɗe tsohuwar hukumar jinya da ta ungozoma, ta sha bayyana cewa ba ta san da wannan rukuni ba, kuma doka ta hana wanda ba shi da rajista yin aikin ko kiran kansa da sunan. Duk da haka suna nan, wasunsu ma sun buɗe kemis a unguwa, sun rataya farar riga a ƙusa, ana kiransu gida-gida yin allura da karɓar haihuwa. Ranar da allurar ta taɓa jijiyar ƙafar yaro ya shanye, ko jini ya ɓalle wa mai haihuwa aka rasa yadda za a yi, labarin da zai zaga gari shi ne nas ta kashe mutum. Ba mai tambayar lambar rajista. Wake ɗaya ne, amma duk garin ya ɓaci, kuma wadda ta yi shekara biyar tana karatu ita za ta sha kallon banza a ɗakin haihuwa washegari.

Ban ɗora laifin a kan 'yan matan ba, galibinsu abinci suke nema, wasu ma sun iya abin da aka koya musu. Asibiti na buƙatar mataimaka, ko'ina a duniya akwai su. Abin da ba daidai ba shi ne a sa musu rigar da ke gaya wa jama'a abin da ba haka yake ba, kuma mai asibitin ya san abin da yake yi, farar rigar ce ke ba shi damar cajin kuɗin ƙwararre a kan aikin ɗan koyo.

Za a ce ai akwai alamomi, kuma akwai su: launin ɗamara, igiyoyin kafaɗa, baji mai haruffan RN (nas mai rajista) ko RM (ungozoma mai rajista). Matsalar ita ce ma'aikata suke yi wa magana. Suna gaya wa ƙaramar nas wa za ta miƙe wa tsaye, amma ba sa gaya wa matar da aka kawo daga ƙauye komai, kuma abin da launi ke nufi a wannan asibiti ba lalle ya zama shi yake nufi a na gaba ba. Baji da Turanci bai amfani wanda bai yi boko ba. Nas namiji kuwa, da farar riga da wando da igiya a kafaɗa, ya saba a kira shi likita, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin gyara wa mai kiran ba. Wanda ya yi shiru ya karɓi girman, ya rage wa sana'arsa ne, domin duk alherin da ya yi a ranar an rubuta wa likitoci.

Akwai iyakar abin da yadi zai iya. Ƙorafin da aka fi yi a kan ma'aikatan jinya a ƙasar Hausa bai shafi kaya ba, ya shafi baki: tsawa a ɗakin haihuwa, gatse ga mai naƙuda, kallon raini ga wanda ya zo da tufafin gona. Wani ɓangare hali ne, kuma ba shi da uzuri. Wani ɓangaren kuwa gajiya ce. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya ya ce ma'aikata kusan dubu 42 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da dubu 15 a 2023 kaɗai. Waɗanda suka rage su ke riƙe ɗaki guda da daddare su biyu ko ita kaɗai. Kate Granger, likita ce 'yar Ingila da ta kamu da ciwon daji, ta kwanta a asibiti a 2013 ta lura ma'aikata na zuwa su yi mata aiki ba tare da sun faɗi ko su wane ne ba, sai ta fara gangamin cewa kowa ya fara da faɗin sunansa. Ta rasu a 2016, amma al'adar ta kama a asibitoci da yawa. A wajenmu, inda shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, "Sannu Baba, sunana wance, ni ce nas ɗin da ke kula da kai yau" ba ta cin ko kwabo, kuma tana isa inda baji ba ya isa. Wasu ma'aikata na ɓoye sunansu ne don tsoron dangin majinyaci masu kai duka in rai ya yi halinsa, kuma tsoron na da tushe. Sunan farko da rukunin aiki sun wadatar.

Gyaran ba sai ya jira Abuja ba. Hukumar jinya tana iya tsara ƙa'ida, amma yawancin gadajen asibiti na hannun jihohi da 'yan kasuwa. Jiha kamar Kano tana da hukumar kula da asibitocin gwamnati, tana kuma da hukumar sa ido kan masu zaman kansu. Su biyun za su iya zama da ƙungiyar ma'aikatan jinya su ware launi ɗaya ga nas mai rajista, wani ga ungozoma, wani ga ɗalibai, wani ga mataimaka, ko da hula ko da hijabi, a liƙa hoton a ƙofar kowane ɗaki, a yi ta faɗa a rediyo har ya zauna, sannan a sa shi cikin sharuɗɗan sabunta lasisin asibitin kuɗi. Masu asibitocin za su yi turjiya, don ranar da majinyaci ya iya ƙirga masu rajista da idonsa, wasu wuraren za a ga babu ko ɗaya a aikin dare. Ita ma gwamnati sai ta shirya sayen yadin da biyan ɗinkin, aƙalla kaya uku ga kowane ma'aikaci. In ta fitar da sanarwa kawai ta ce kowa ya je ya ɗinko daga albashinsa, ƙungiyar za ta ƙi, kuma da gaskiyarta.